Dakta Takashi Nagai: Likitan Nagasaki Da Ya Rubuta Littattafansa A Kwance

 Tafiyar tamu ta yau mai nisa ce, domin za ta kai mu har gabashin duniya, ƙasar Japan, wurin wani likita kuma marubuci mai suna Takashi Nagai, wanda ya rasu a shekarar 1951 yana da shekara 43 kacal a duniya.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To, akwai abin da ya haɗa su. Lokacin da aka kafa kamfanin Cominak a 1974, kashi 25 cikin 100 na hannun jarinsa na wani kamfanin Japan ne mai suna OURD. Daga 1978 da aka fara fitar da ƙarfen uraniyum daga ramin Akuta, har zuwa 31 ga Maris 2021 da aka rufe shi, an haƙo kimanin tan 75,000, kuma wani kaso daga ciki Japan ya nufa domin samar da wutar lantarki. Ke nan mun yi shekaru sama da 40 muna ciniki da mutanen nan, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa jin abin da marubutansu suka rubuta game da wannan kaya. Alhali kuwa Japan ce kaɗai ƙasar da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a lokacin yaƙi, har marubutanta suka gina wani reshen adabi sukutum a kan abin da ya same su. Dakta Nagai na cikin na farko-farkonsu.

Kafin mu ci gaba, bari in kawar da wani ruɗani. Bama-baman 1945 ba da ƙarfen Nijar aka yi su ba. Sai a 1957 aka gano uraniyum a Azelik, kuma sai a 1971 Somaïr ta fara aiki a Arlit. Mafi yawan wanda Amurka ta yi amfani da shi a wancan lokaci daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango ya fito.

An haifi Takashi Nagai ranar 3 ga Fabrairu 1908 a garin Matsue. Gidansu gidan magani ne, kakansa mai maganin gargajiya, mahaifinsa kuma likitan zamani a ƙauye. A 1928 ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Nagasaki, birnin da ke bakin teku a kudu maso yammacin ƙasar. A wancan lokaci saurayi ne mai ji da ilimin kimiyya, wanda yake ganin ɗan Adam tsoka ne da jini da ƙashi, daga nan sai kabari. Rasuwar mahaifiyarsa a 1930 ita ta girgiza masa wannan tunani. Ya iske ta a gargara, ba ta iya magana, amma irin kallon da ta yi masa kafin ta cika ya sa ya fara yarda cewa akwai ruhi. Daga nan ya shiga karatun littafin wani masanin Faransa, Blaise Pascal, wanda da yawa daga cikinmu da muka zauna a lise muka ji sunansa.

Neman amsa ya kai shi kama hayar ɗaki a unguwar Urakami, a gidan wani mai sana'ar shanu, Moriyama. Mutanen wannan unguwa Kiristoci ne ƴan ɗarikar Katolika, waɗanda kakanninsu suka ɓoye addininsu tun daga 1614 da hukuma ta haramta shi, har zuwa 1873 da aka ɗage haramcin. Maigidan yana da ƴa guda mai suna Midori, malamar makarantar firamare. Wani dare a ƙarshen 1932 ciwon ciki mai tsanani ya kama ta, Nagai ya duba ya gane sai an yi mata aiki nan take, ya goya ta a baya cikin dusar ƙanƙara har asibiti, aka ceci ranta. Sauran labarin kun san shi ko ban faɗa ba. A 1934, bayan ya dawo daga aikin soja a Manchuriya, ya karɓi addinin gidan, a watan Agustan shekarar kuma aka ɗaura musu aure. Sun haifi ƴaƴa 4, biyu suka rasu tun suna ƙanana, aka bar su da namiji, Makoto, da mace, Kayano.

Yadda ya faɗa fannin da ya zama ajalinsa abin mamaki ne. A 1932, dab da bikin kammala karatunsa, ruwan sama ya yi masa dukan tsiya, ya kwana da jiƙaƙƙun kaya, ciwon kunne ya kama shi har ya kai ga sanƙarau. Ya tashi, amma kunnen dama ya toshe. Likitan da ba ya ji sosai kuwa ba zai iya aiki da abin sauraren ƙirjin nan da suke ratayawa a wuya ba. Dole ya koma sashen ɗaukar hoton cikin jiki, wanda mu a nan muke ce wa yin radiyo, ko da yake ba irin tamu ta gidan rediyo mai surutu ba ce. Sabon fanni ne a lokacin, kuma an riga an san cewa hasken na'urar yana cin jikin mai aiki da ita sannu a hankali.

Daga 1937 zuwa 1940 ya sake tafiya fagen daga a ƙasar Sin a matsayin likitan soja. Ya kamata a faɗi wannan, domin sojojin Japan mamaya suka je yi, kuma sun yi ɓarna mai yawa a can. Da ya dawo sai ya tarar tarin fuka ya addabi jama'a, ga shi yaƙi ya sa fim ɗin ɗaukar hoto ya yi ƙaranci. Maimakon a ɗauki hoto likita ya koma gefe ya duba, sai ya zamana Nagai yana tsayawa gaban na'ura tana kunne, yana leƙa ƙirjin marasa lafiya kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya, sa'o'i masu yawa kullum. Ya san haɗarin sarai. A watan Yunin 1945 abokan aikinsa suka auna jininsa, suka tabbatar masa yana da sankarar jini, suka ce da wuya ya wuce shekara 3.

A nan nake so masu karatu su ɗan dakata. Wata 2 kafin a jefa bam, wannan bawan Allah ya riga ya kamu, kuma a bakin aikinsa na yau da kullum ya kamu, ba tare da ƙara ko hayaƙi ko wari ba. Duk wanda mijinta ko mahaifinsa ya yi shekaru yana sauka rami da ƴar na'urar awo maƙale a ƙirji, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ranar 6 ga Agusta 1945 aka jefa bam a Hiroshima. Jin haka, sai Nagai da matarsa suka tura yaran wurin kakarsu a wani ƙauye cikin duwatsu. Ranar 9 ga wata, da ƙarfe 11 da minti 2 na safe, bam na biyu ya fashe a saman Urakami. Asali birnin Kokura jirgin ya nufa, rashin ganin ƙasa sosai ya sa ya juyo Nagasaki. Shi wannan bam da fulutoniyum aka yi shi, wanda daga uraniyum ake samar da shi. Nagai yana ofishinsa a asibiti, tazarar mita 700 daga inda abin ya fashe. Gilashi ya yanke masa jijiya a gefen kai, jini na zuba, aka ɗaure masa, ya ci gaba da jan ragowar ma'aikata suna kwashe majinyata daga ginin da ke cin wuta, har sai da ya faɗi. Makarantar likitancin kaɗai ta rasa malamai da ɗalibai da ma'aikata kusan 900. Kafin ƙarshen shekarar, mutanen da suka mutu a birnin sun kai kimanin 74,000, daga ciki har da Kiristocin Urakami wajen 8,500 cikin 12,000.

Sai ranar 11 ga wata ya samu zuwa gida. Babu gida, sai toka. A inda madafa take ya tarar da ƙasusuwan Midori, kusa da su ga carbinta ya narke. Ya tattara su a bokiti ya kai maƙabarta. Iyayenmu mata, ku dubi wannan: mutumin da aka ce saura masa shekara 3, wanda ya gama shirya wa matarsa yadda za ta riƙe marayu, shi ne ya ɗauki gawarta a hannu.

Washegari ya ja tawagarsa zuwa ƙauyen Mitsuyama, inda suka yi kwana 58 suna bi gida-gida suna jinyar waɗanda suka tsira. A can ne suka fara ganin abin da ba su taɓa gani ba. Mutum ba ƙuna ba rauni, ya yi mako ɗaya ko biyu garau, sai gashi ya fara zuba, dasashi ya yi ta jini, tabo ya fito a fata, zazzaɓi da gudawa su biyo baya, sai mutuwa. Nagai ya riƙa rubuta komai: nisan da mutum yake daga inda bam ya fashe, ranar da ciwo ya fara, alamominsa, maganin da aka gwada da abin da ya biyo baya. Ya haɗa rahoto ya miƙa wa makarantarsu. Shi kansa a watan Satumba ya kwanta har aka fitar da rai da shi, amma ya farfaɗo. A watan Oktoba ya koma Urakami ya kafa ƴar bukka a kan kufai, a lokacin da ake ta jita-jitar cewa ko ciyawa ba za ta ƙara tsira a wurin ba har shekara 70.

A watan Yulin 1946 ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa, daga nan kuma kusan sauran rayuwarsa a kwance ya yi ta. Aikin asibiti ya gagara, ga yara biyu, ga ciyarwa. Sai ya mai da alƙalami jarinsa. Yana kwance rigingine, ciki ya kumbura, yana rubutu da fensir a kan allo da ya tokare a gabansa, kuma cikin shekara 5 ya rubuta littattafai sama da 10. A 1948 mutanen majami'arsu suka gina masa ɗan ɗaki wanda tabarmar Japan 2 ke cika shi, wato bai kai rumfar mai tireda ba. Ya raɗa masa suna Nyokodo, daga koyarwar nan ta so wa ɗan'uwanka abin da kake so wa kanka.

Littafinsa mafi shahara shi ne Nagasaki no Kane, ma'ana Ƙararrawar Nagasaki, kuma masu jin Faransanci za su same shi da sunan Les Cloches de Nagasaki. Sunan ya samo asali ne daga ƙararrawar babbar majami'ar Urakami, wadda aka tono daga ƙarƙashin ɓaraguzai ba ta fashe ba, aka rataye ta a kan itatuwa aka kaɗa ranar 24 ga Disamba 1945. Ya gama littafin tun 1946, amma sojojin Amurka da ke mulkin Japan a lokacin suna tace duk abin da za a buga game da bam ɗin. Sai a Janairun 1949 suka bari ya fito, shi ma da sharaɗin a liƙa masa wani rahoto kan kisan gillar da sojojin Japan suka yi a Manila ta ƙasar Filifin. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan ciniki, na ba za a sayar maka da sukari ba sai ka haɗa da kayan da ba ka zo saye ba. Duk da haka littafin ya samu kasuwa ƙwarai, aka yi waƙa da sunansa a 1949, aka yi fim a 1950.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a littafin shi ne yadda idon likita ba ya barin marubucin ko a tsakiyar tashin hankali. Ya fara da nuna mutane daban-daban, manomi a gona, malami a aji, ɗalibi a ɗakin karatu, kowa yana harkarsa dab da fashewar. Can kuma akwai wurin da aka tsinto takardar da jiragen Amurka suka watso, likitocin suka karanta suka gane bam ɗin nukiliya ne, sai ga su zaune a ƙasa, jina-jina, suna muhawara kan yadda aka yi masana suka cimma wannan abu. Mai karatu zai rasa ko ya yi mamaki ko ya yi fushi. Kuma Nagai bai ɓoye fatansa ba, cewa wata rana wannan ƙarfi zai yi wa ɗan Adam amfani ta hanyar zaman lafiya. Irin wannan fata ce Japan ta bi daga baya, ta gina tashoshin lantarki na nukiliya tun daga 1966, har neman makamashinsu ya kawo ta Akokan. Bai rayu ya ga wannan ba, bai kuma ga haɗarin tashar Fukushima na watan Maris 2011 ba.

Amma ga iyaye, littafin da zai fi taɓa zuciya shi ne Kono Ko o Nokoshite, na 1948, wanda ma'anarsa ta shafi tafiya a bar waɗannan yara. Uba ne da ya san ranarsa ta kusa, yana lissafin yadda marayunsa za su kasance. Saboda saifarsa ta kumbura har ana tsoron ta fashe, an hana yaran su faɗa jikinsa ko su hau cinyarsa. Ya ba da labarin yadda ƙaramar, Kayano, ta lallaɓo wata rana da ta zaci barci yake, ta ɗora kumatunta a kan nasa, shi kuwa ya ci gaba da rufe ido don kada ta ji kunya ta gudu. An yi fim ɗin wannan littafi a 1983.

Kuɗin da littattafan suka kawo ba su zauna a hannunsa ba. Wata kyautar yen 50,000 da wata jarida ta ba shi, itatuwan furanni kimanin 1,000 ya saya da ita aka dasa a Urakami. A 1950 ya buɗe wa yaran unguwa ɗan ɗakin karatu. Manyan baƙi suka yi ta zuwa: Helen Keller, Ba'amurkiyar nan makauniya kuma kurma, a 1948, sai Sarkin Japan Hirohito da ya gana da shi a 1949, da wakilin Fafaroma. Birnin Nagasaki ya ba shi lambar ɗan gari na musamman.

To sai dai tarihin Nagai yana da wani ɓangare da har yau ake jayayya a kansa, kuma shi ne ya sa na ga ya dace a karanta shi da idon basira. Ranar 23 ga Nuwamba 1945, a taron addu'ar mamata da aka yi a kufan majami'ar, ya yi jawabi inda ya fassara abin da ya faru da cewa zaɓi ne na Ubangiji, wato mutanen Urakami hadaya ce tsarkakakkiya da aka miƙa domin yaƙi ya ƙare. Masu kare shi suna cewa a duba halin da ake ciki. A lokacin wasu ƴan gari na yi wa Kiristocin gori cewa azaba ce ta sauka musu, shi kuma yana so ya share hawayen waɗanda suka rasa kowa nasu, ya nuna musu cewa mamatansu ba la'anannu ba ne. Masu suka kuwa, irin su mawaƙi Yamada Kan a 1972, da malamin jami'a Takahashi Shinji daga baya, suna ganin wannan fassara ta wanke waɗanda suka jefa bam ɗin, ta kuma wanke shugabannin Japan da suka jefa ƙasar cikin yaƙi, sannan ta sa waɗanda abin ya shafa suka yi shiru shekara da shekaru. Da Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarci Hiroshima da Nagasaki a Fabrairun 1981 ya bayyana cewa yaƙi aikin ɗan Adam ne, da yawa daga cikin tsofaffin Urakami suka samu ƙarfin buɗe baki suna ba da labarin abin da suka gani.

Ni dai a ganina duka ɓangarorin suna da abin kamawa. Mu ma nan mun san daɗin kalmar haƙuri a gidan makoki, kuma mun yi imani da ƙaddara. Sai dai mun kuma san yadda wani lokaci ake amfani da ita a rufe bakin mai tambaya. Shi Nagai da ya ce a yi haƙuri, shi ne kuma ya cika takardu da awo da kwanan wata da alamomin cuta, kuma waɗannan takardu babu mai jayayya da su.

Irin wannan awo ne ya taɓa tayar da ƙura a garuruwanmu. A Disambar 2003 masana daga ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan, suka gano ƙarafan da suka fito daga ma'aikata masu ɗauke da tururi mai guba ana sayar da su a kasuwar Arlit, irin ƙarafan da maƙera ke saye, da waɗanda ake rufin ɗaki da su. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan ta samu tururin ya zarce kima nesa ba kusa ba, har aka zo aka kwashe ƙasar wuraren. Kamfanin ya sha cewa yana bin ƙa'idojin duniya, ƙungiyoyin kuma suna cewa da sauran aiki, musamman game da tsibin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 da Cominak ta bari. Ba ina kwatanta Arlit da Nagasaki ba ne, domin tsakanin bam da mahaƙa akwai tazara mai yawa. Abin da ya yi kama shi ne cutar da ido ba ya gani, wadda sai da na'ura da alƙalami ake kama ta.

Wanda ya ɗanɗana Nagai kuma yake son ƙari, akwai Hara Tamiki, wanda ya tsira a Hiroshima ya rubuta Natsu no Hana, wato Furannin Bazara, a 1947. Akwai kuma Ibuse Masuji da littafinsa Kuroi Ame, wato Baƙin Ruwan Sama, na 1966, labarin wata budurwa da manema ke gudu saboda raɗe-raɗin cewa ruwan da ya sauka bayan bam ya taɓa ta. Wannan kam duk uwar da ke da ƴa a gaba za ta fahimce shi tun daga shafin farko.

Likitoci sun ba Nagai shekara 3, ya yi kusan 6. Ranar 1 ga Mayu 1951 aka ɗauke shi zuwa asibitin da ya yi wa aiki, a daren ranar ya cika. Ya bar wasiyya a buɗe gawarsa domin ɗalibai su ƙaru, da aka auna saifarsa kuwa sai aka tarar ta haura kilo 3, alhali ta mai lafiya ba ta kai rubu'in kilo ba. Mutane kimanin 20,000 suka halarci jana'izar da birnin ya shirya masa. Makoto ya girma ya zama ɗan jarida, ya rasu a 2001, Kayano kuma ta rubuta littafi kan mahaifinta, ta rasu a 2008. Ɗan ɗakin nan na Nyokodo yana nan a Urakami, kusa da shi kuma akwai gidan tarihi mai ɗauke da sunan likitan, wanda a samansa yaran unguwa ke shiga aron littattafai.